Dattijon da Ba Ya Son a Durƙusa Masa

Da murfin tukunya na yi ɓarnar. Na kifa shi a kaina kamar hula, na cire, na rungume a ƙirji, na yi taku biyu gefe, mata suka fashe da dariya. Duka-duka abin bai kai minti biyu ba. Na sha yin abin da ya fi wannan a cocinmu. Na taɓa kwaikwayon atishawar mai kaɗa piyano ana tsakiyar sanarwa, har Fasto da kanta ta ɓoye fuska a bayan takarda, kuma ba abin da ya biyo baya sai jan kunne guda a hanyar gida. Shi ya sa ranar ban ɗauka na yi wani abu ba, sai da na waiga wajen matakala.

Ina da shekara goma sha ɗaya muka baro Jos, ni da Mama, muka sauka a Amurka, a unguwar Mount Hope cikin Bronx, a wani gida mai hawa shida wanda lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Yanzu ina da sha shida, abin da zan faɗa kuwa bara ya faru. Cocinmu tsohon ginin dutse ne kusa da babban titin Grand Concourse, mai sanyi kamar firji ko a tsakiyar zafi. Da safe ake sujadar Turanci a babban ɗaki, yawancin masu zuwa baƙaƙen Amurka ne, sai wasu tsofaffin Turawa da yatsun hannu biyu sun isa ƙirga su. Mu masu Hausa, 'yan Jos da Kaduna da Gombe da iyali ɗaya daga Maraɗi, ƙarfe biyu muke tamu sujadar a ɗakin ƙasa, kusa da injin da ke ɗumama ginin. In zumuntar mata suka ɗauki waƙa da tulu da ganga, ina jin har direban jirgin ƙasa yana gyaɗa kai in ya zo wucewa.

Shekara huɗu muna shiga ƙofa ɗaya da mutanen sama, iyakarmu da su murmushi. Su suna ganin muna da girman kai. Mu kuma muna da wata kalma da muke kiran baƙaƙen Amurka da ita in ba sa wurin. Ba zan rubuta ta ba, amma na faɗe ta ba sau ɗaya ba, kuma a gida na koye ta.

Sai bututun ruwa ya fashe a ɗakin ajiya. Aka kwaso tsofaffin littattafan taron dattawan coci aka shanya a kan benci don su bushe, Fasto ta zauna tana buɗawa. Ita baƙar fata ce, haifaffiyar nan, gajeriya, amma in ta yi gyaran murya har tantabarun kan rufi suna nutsuwa. A cikin littattafan ta tarar da inda dattawan da can, duk Turawa, suka amince a riƙa nuna wa baƙaƙe kujerun barandar sama. Baranda ce a can bayan coci, sai an hau wata siririyar matakala, inda yanzu muke jibge kayan adon Kirsimeti. Ba a taɓa rubuta dokar a bango ba. Mai nuna wa mutane wurin zama ne ya san aikinsa.

Fasto ta karanta wa ikilisiya shafin da bakinta, ta ce za a yi shekara guda ana tuba da neman sulhu. Mu a ƙasa muka ce Allah ya taimake su, wannan tsakaninsu ne da Turawansu, lokacin ko kakanninmu ba su san hanyar Legas ba. Lahadin da ta biyo baya sai ga ta ta sauko mana.

"Kada wanda ya ce shi baƙo ne, ba ruwansa," in ji ta, wani kawu yana juya maganar zuwa Hausa. "Gini ɗaya, jama'a biyu, wasu a sama wasu a ƙasa, ba mai cin abincin wani. Na karanta irin wannan tsarin a littafin da na shanya. Ba na son jikokinmu su karanta namu."

Har injin ɗumama gini kamar ya ji kunya.

Tsarin da aka yi shi ne, kowane matashi za a haɗa shi da tsoho ɗaya daga ɗaya ɓangaren, ya riƙa kai masa ziyara yana sauraron tarihinsa. A ƙarshen shekara kuma kowa da kowa, fari da baƙi, na sama da na ƙasa, za a hau barandar nan a yi sujada a can, tsofaffi su yi magana. Cikin duk waɗanda aka taɓa tura su wannan baranda, mutum ɗaya ne ya rage da rai. Ya haura tamanin, dogo, kullum da hular malafa da takalmi mai sheƙi. Mu 'yan ƙasa Dattijo muke ce masa. Yana yaro uwarsa ta taho da shi daga Kudu, wato jihohin kudancin ƙasar nan, ranar farko da suka shigo cocin aka nuna musu matakala. Wata da watanni Fasto tana lallashinsa ya yi magana yana ƙi. Daga baya ya yarda, bisa sharaɗin zai fara gwada faɗa wa mutum ɗaya tukuna, ya ji ko bakinsa zai iya. Da aka raba sunaye, ni na faɗo masa.

Mama ta shirya ni kamar zan je neman aure. Ta goge mini riga har ta kusa tsayuwa da kanta. Ta ce, "Ka ga babba ne. Ka durƙusa sosai, ba irin wannan ɗan lanƙwasawar taka ba. Kuma kada ka kuskura ka zuba masa idanun nan naka."

Na same shi a bakin ƙofar coci, na zube har gwiwata ta taɓa siminti, na kafe ido a kan takalminsa.

"Me ka yar?" Ya tambaya da Turanci, yana leƙa ƙasa tare da ni.

"Ban yar da komai ba, Baba. Gaishe ka nake yi."

"A ƙasa nake?"

"A'a, Baba."

"To tashi. Dube ni, ɗana. In za ka yi magana da ni, ga idona nan sama."

Ni da na tashi a gidan da in yaro ya kalli babba cikin ido sai an kira taron dangi har da na ƙauye! Na ɗaga kai da ƙyar, na kalli gefen kunnensa. Ya ce ba kunne ya ce ba. Na kalli girarsa. Ya ce saura kaɗan. Da na haɗa ido da shi sai na ji kamar na mari kawuna. Shi kuwa ya miƙo hannu ya damƙe nawa ya ce, "Yauwa. Yanzu na san da wa nake magana."

Kowace Asabar da hantsi nake zuwa gidansa a unguwar University Heights, ɗaki biyu da kicin, shi kaɗai, don matarsa ta rasu, 'yarsa kuma tana can Kudu. Mama ba ta taɓa barina na tafi hannu sake ba. Kula ce kullum, yau masa da miyar taushe, gobe gwate. Ranar da ya fara cin yajin Mama ya yi hawaye har ya cire tabarau, yana cewa a gaya mata ya gode, kuma a gaya mata ya yafe mata. Karon farko ya maido kular a wanke tas, babu komai a ciki. Na ce masa a wurinmu ba a maida kwano haka, ko 'yar gyaɗa ce a kan jefa. Ya ce me ya sa ban faɗa masa da wuri ba, na bar shi ya kunyata a gaban mace. Daga ranar, duk sanda kular za ta dawo, da burodin masara a cikinta, irin wanda uwarsa ke gasawa, da ɗuminsa.

Kalmar Hausa ɗaya ya koya, sannu, kuma ya ba ta aikin da ya fi ƙarfinta. In na shigo, sannu. In zan tafi, sannu. In shayi ya ƙona shi, sannu. Ya ji labarin ina kwaikwayon mutane, ya sa na yi masa Fasto, na yi masa mai piyano. Sannan ya gyara zama ya ce, "Yi nawa." Na miƙe, na tura ƙirji, na saukar da murya na ce, "Dube ni, ɗana." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na kawo ruwa. Na riƙe wannan a raina a matsayin izini. Daga baya na gane izinin abu ɗaya ya ba ni, na je na yi biyu.

Labarin da ya ba ni ba zan rubuta shi duka ba, don ba nawa ba ne. Zan faɗi ɓangaren da na riga na tona a gaban mata ashirin.

Wata Asabar na tambaye shi me ya sa gaisuwarmu ke ɓata masa rai. Ya tashi ya ɗauko hularsa daga jikin ƙusa ya sa, ya tsaya a tsakiyar kicin. Ya ce ubansa kafinta ne, ƙato, mai ɗaukar icen da mutum biyu ke ɗauka. Wata rana suna tafe a gefen titi, yana riƙe da hannun uban, sai ga wani yaro Bature yana tahowa, yaron da bai fi sa'ana ba. Daga nan Dattijo ya daina magana, ya nuna mini da jikinsa. Ya cire hular ya rungume a ƙirji. Ya rage tsawo, kafaɗunsa suka sauko. Ya kai idonsa ƙasa, ya yi taku biyu gefe kamar mai sauka cikin kwata, ya ce da wata siririyar murya da ban taɓa ji a bakinsa ba, "To, yallaɓai."

Ya jima a haka. Sannan ya miƙe ya maida hular kan ƙusa.

"Hannun babana yana rawa a cikin nawa," ya ce. "Ban taɓa nuna wa kowa wannan ba, ko 'yata. Ranar da za mu hau baranda, da shi zan fara. In na iya."

Na ce zai iya. Na kalle shi cikin ido na faɗa, ba tare da ya roƙa ba.

Washegari Lahadi ce. Mun gama sujada a ƙasa, mata suna raba shinkafa, maza sun fita neman inda suka ajiye motoci. Wata inna mai jagorar waƙa, wadda ba ta ganina ta ƙyale, ta ɗaga murya.

"Kai, ɗan gidan Dattijo! Wai me tsohon nan ke gaya maka kullum? An ce ba ya son a gaishe shi."

"Yana so, Inna. A tsaye yake so."

"A tsaye kamar soja? Yi mana mu gani."

Na tura ƙirji na ce, "Dube ni, ɗana. A ƙasa nake?" Aka kwashe da dariya, wata har ta zubar da miya a zaninta. Da na tsaya nan, da yanzu ba ni da abin rubutawa. Amma duk mai ba da dariya ya san yadda abin yake. In ɗaki ya ɗauka, sai ka ji kamar kana gangara da keke babu birki, idonka yana neman abu na gaba. Idona ya faɗa kan murfin tukunyar shinkafa.

Na ce, "Ku tsaya ku ga yadda babansa ke gaisuwa." Na kifa murfin a kai, na cire, na rungume. Na rage tsawo, na ƙara da karkarwar gwiwa wadda shi bai yi ba. Na yi taku biyu gefe har na yi kamar zan faɗa kwandon shara. Na siranta murya na ce, "To, yallaɓai." Da Turanci na faɗa, daidai yadda ya faɗa.

Ba mugunta ce ta sa suka yi dariya ba. Ban gaya musu wa ake yi wa gaisuwar ba. Su abin da suka gani shi ne mutum mai ladabi, irin wanda kowace uwa a ɗakin ke addu'ar ɗanta ya zama.

"Ashe da can sun iya tarbiyya!" in ji innar, tana share hawaye. "To me ya same su daga baya?"

A nan na waiga. Yana tsaye a matakala ta huɗu daga ƙasa, hannu ɗaya a kan ƙarfen dafawa, ɗaya riƙe da kular Mama. Shekara da shekaru yana cocin nan bai taɓa saukowa ɗakinmu ba, gwiwoyinsa ba sa son matakala. Ranar ya sauko don ya miƙa wa Mama kular da hannunsa. Ba ya jin Hausa, amma ba abin da na yi da ke bukatar Hausa.

Ya sunkuya a hankali ya ajiye kular a kan matakala, ya juya, ya fara hawa. Kowace matakala sai ya ɗora ƙafa ɗaya, ya jawo ɗayar. Na ji duk takun har ya kai sama. Ina tsaye da murfin tukunya a ƙirjina, ban bi shi ba.

Mama ba ta yi mini faɗa a hanya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. A gida ta buɗe kular, burodin yana ciki an naɗe shi da takarda, ta rufe. Ta tambaye ni me na yi. Na ce na kwaikwayi Dattijo ya gani. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma gaskiya ne, irin gaskiyar da ake yankewa daidai inda za ta fara ciwo.

"Gobe in ka dawo makaranta za mu je," ta ce. "Ni zan kai ka."

Ta ɗauki hutun rabin yini a wurin aikinta na kula da tsofaffi. Ta biya shagon wani ɗan Nijar ta sayo kayan miya, ta yi tuwon shinkafa da miyar da ba ta yi sai Kirsimeti, ta zuba a babbar kularta. A cikin bas ta yi ta maimaita mini darasi.

"Yana buɗe ƙofa ka zube. Gwiwa biyu. Kanka a ƙasa. Ko ya ce ka tashi kada ka tashi, haka manya ke cewa, gwada ka yake yi. Sai ka ji kalmar yafewa. In ka ɗaga masa idanun nan, ni da kai ne."

Wannan ne wurin da ya fi damuna in na tuna, ya fi murfin tukunya. Na san abin da za mu je mu yi shi ne abin da ya fi ƙi a duniya, kuma na san dalili, ni kaɗai a duk birnin nan. Tasha bakwai muka yi a bas. A kowace tasha zan iya cewa, Mama, tsaya in gaya miki wani abu. Ban faɗa ba. In na faɗa, dole in bayyana ainihin abin da na kwaikwaya. Kuma gaskiyar magana, durƙusawar ta yi mini daɗi. Mai kallon ƙasa ba ya ganin fuskar wanda ya ɓata wa.

Ya buɗe ƙofa, na zube. Abin da ban zata ba, Mama ma ta ajiye kula ta durƙusa a gefena, mace mai shekara arba'in da biyar, da kayan aikinta, a kan dandaɓen baranda inda kowa ke wucewa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta koma.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Mama da Turancinta. "Yaro ne. Laifina ne, ni ban koya masa ba."

"Don Allah ku tashi," ya ce. Muryarsa ba ta fita sosai. "Baiwar Allah, tashi. Ba a durƙusa wa kowa a ƙofar nan."

Mama ta ƙara sunkuyawa. A wurinta komai yana tafiya daidai.

"Ɗana," ya ce. Takalminsa kawai nake gani, silifas ne na cikin gida, ban taɓa ganinsa da su ba. "Tashi ka dube ni. Ka dube ni ka faɗa mini abin da ka yi. Shi ke nan abin da nake so."

Na ɗan motsa. Tafin hannun Mama ya sauka a ƙeyata, ta ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Kul." Hannun ba shi da nauyi, na fi ta ƙarfi tun ina sha uku. Da na so tashi da na tashi. Na bar kaina a ƙarƙashin hannunta, na ce wa silifas ɗinsa na yi kuskure, a yafe mini.

Sannan ya ce, "Na yafe. Yanzu ku tashi, ina roƙonku."

Ya karɓi kular, ya gode wa Mama, har ya ce mata sannu. Bai ce mu shigo ba. A bas Mama ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Mutumin kirki. Ka ga amfanin ladabi?" Na ce na gani.

Ranar Asabar na je kamar kullum. Ya buɗe, ya ce yau ba ya jin daɗi, in bari sai wani lokaci. Na kalli maɓallin rigarsa na ce Allah ya sawwaƙe. Asabar ta gaba ban je ba, na ce wa kaina hutu nake ba shi. Ana saura mako biyu sujadar baranda Fasto ta kira ni ofis. Ta ce Dattijo ya janye, ba zai yi magana ba, bai kuma faɗi dalili ba. Ta tambaya ko na san wani abu. Na faɗa mata duka, har da murfin, har da bas. Ita ce mutum ta farko da ta ji cikakken labarin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka koma ka tsaya a gabansa," ta ce. "Ba don ya yi magana ba, wannan nasa ne. Don kai."

Na ce zan je. Sau biyu ina isa har ƙofar ginin. Karo na biyu har na ɗora yatsa a kan ƙararrawa, sai na tuna ina da aikin makaranta, ni da ban taɓa tuna aikin makaranta da kaina ba tun da aka haife ni.

Ranar sujadar aka kwashe kayan Kirsimeti, aka goge bencin. Kowa ya hau, Turawa da sandunansu, mutanen safe da manyan hulunansu, zumuntar mata da tulu da ganga. Wurin ya matse har innar nan ta zauna cinya da cinya da wata tsohuwa baƙar Amurka, suna raba mafici ɗaya. Daga can sama ba a ganin fuskar mai wa'azi sosai, wani ginshiƙi ya tare rabin bagade. Ban taɓa lura ba sai ranar. Wata tsohuwa Baturiya, wadda kakanta yana cikin dattawan da suka sa hannu a littafin, ta miƙe ta karanta shafin, ta nemi gafara. Kawun nan mai fassara ya miƙe a madadinmu ya faɗi kalmar da muke kiransu da ita, a fili, ya ce mun tuba. An yi kuka sosai. An yi waƙa da Hausa da Turanci a haɗe, ba ta yi daɗi ba ko kaɗan, amma ba wanda ya damu.

Dattijo ya zo cocin, sai dai bai hau ba. Ya ce wa masu taimaka masa gwiwa ce. Ya zauna a bencinsa na kullum, layi na uku daga gaba, shi kaɗai a duk babban ɗakin, hularsa a kan cinya. Da aka zo wurin da aka tsara zai yi magana, Fasto ta ce a yi shiru na ɗan lokaci. Ni ina bakin baranda, ina kallon furfurar tsakiyar kansa. Bai waigo sama ba.

A daren ranar, muna cikin cin abinci, na faɗa wa Mama ainihin abin da na kwaikwaya da abin da durƙusawarmu ta tuna masa. Ta ajiye cokali. Ta ce, "Kuma ka bar ni na danne maka kai." Washegari ta rubuta masa wasiƙa da hannunta, ba ta nuna mini ba.

Abubuwa sun ɗan canja a cocin. Lahadin farko ta kowane wata yanzu sujada ɗaya ake yi, a ci abinci tare, mutanen safe sun koyi tambayar wace miya ce babu yaji. An manna wani ƙaramin allo a gindin matakalar baranda da ke faɗin abin da aka yi a wurin. Kalmar nan ban ƙara jinta a gidanmu ba. Har yanzu ina kwaikwayon mai piyano, don shi atishawarsa ta kowa ce.

Da zafi ya shigo 'yarsa ta zo ta tafi da shi Kudu, ya koma zama a wurinta. Fasto ce ta kawo mana babbar kular Mama, a wanke, da burodin masara a ciki. Bai ba da labarin ubansa a cocin ba, ni kuma ban koma na tsaya a gabansa ba kafin ya tafi.